Nilu Biyu, Haɗari Biyu: Ina Ya Dace A Yi Iyo Tsakanin Alshajara Da Tsibirin Tuti?

A watannin Mayu da Yuni zafin Hartum kan haura digiri 40 kusan kowace rana. In aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, famfo ya ƙafe, babu abin da ke jan zuciyar yaro kamar kogi. Ɗan unguwar Alshajara kuwa ba sai ya hau mota ba. Yana yin yamma da gida kaɗan zai tarar da Farin Nilu a shimfiɗe, faɗinsa har sai ido ya gaji kafin ya kai gaɓar Umdurman.

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe babban birnin a watan Maris na 2025, bayan kusan shekara biyu ana yaƙi, jama'a ke ta komowa. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ya zuwa watan Oktoba na shekarar, fiye da mutum miliyan ɗaya sun dawo Hartum. Sun iske gidaje a fashe, wuta da ruwan famfo sai an dace, wuraren shaƙatawa na kuɗi da yawa a rufe. Abin da ya rage kyauta ga mai kuɗi da talaka shi ne bakin kogi.

Don haka tambayar da a da ake ɗauka ta masu yawon buɗe ido ce, yau ta zama ta kowane uba da kowace uwa: a ina za a bar yara su shiga ruwa su fito lafiya? Kallon ido ba ya ba da amsa. Wurin da ya fi kwanciya da kyan gani zai iya zama shi ne mai cuta, wanda ya fi farin yashi kuma shi ne mai kisa. Sai mutum ya san halin kogin, ya san lokacin shekara, ya kuma san abin da yaƙi ya bari a gaɓa.

Alshajara da mutanen ruwa

Alshajara tana kudu da tsakiyar Hartum, a gaɓar gabas ta Farin Nilu, kan hanyar da ta bi ta Kalakla ta nufi Jabal Auliya. Lamab ce maƙwabciyarta ta arewa, Azuzab kuma ta kudu. Wata babbar bishiya ce ta ba ta suna. A zamanin Turkawa ana ce da ita bishiyar Mahu Bek, da Ingilishi suka zo aka koma kiranta bishiyar Godon. Rayuwar unguwar ta daɗe a ɗaure da kogi. Nan ma'aikatar ban ruwa ta Masar ta ajiye jiragenta na ruwa, nan aka buɗe gonar gwajin kiwon kifi a shekarun 1950. Nan ne kuma barikin rundunar tankokin yaƙi yake, wanda aka yi ta gwabza ƙazamin faɗa a kansa tun daga watan Agusta na 2023.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan kogi. Alhazan ƙafa sun daɗe suna ratsa Sudan zuwa Sawakin, da yawa kuma suka yada zango har zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kai jama'arsa gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Zuriyar waɗannan da ta sauran matafiya sun yi suna a gonakin Jazira, sun kuma yi suna a sana'ar su a kogunan biyu. Kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗalibai daga Kano, Jigawa, Sakkwato da Nijar sun cika Jami'ar Afirka ta Duniya da sauran makarantun Hartum, kuma bakin Nilu na cikin wuraren da suke zuwa shan iska ranar Juma'a. Batun amincin wannan ruwa namu ne, ba na wasu can ba.

Koguna biyu, hali biyu

Wanda ya tsaya a Mugran, mahaɗar kogunan, zai ga bambancinsu da idonsa. Farin Nilu ya taso daga yankin tafkin Biktoriya, ya ratsa fadamun Sudan ta Kudu, ya iso yana tafiya sannu a hankali. Madatsar Jabal Auliya, wadda aka gama a 1937, kimanin kilomita 40 kudu da Hartum, ta ƙara masa nawa. Shuɗin Nilu kuwa daga tafkin Tana na ƙasar Habasha ya gangaro ta kan duwatsu. Shi ke kawo fiye da rabin ruwan da ke isa Masar a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watannin damina.

Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da mutanen Sudan ke kira damira, Shuɗin Nilu kan cika ya batse, ya yi ja da laka, ya kwaso itatuwa da mushe. Ƙarfinsa a lokacin har tokare Farin Nilu yake yi a Mugran, sai ruwan ya ja da baya ya malale kan gaɓar Alshajara da Lamab da dajin Sunut. In kaka ta yi, ruwa ya janye, sai ya bar taɓo da ƙananan tafkuna a gefen Farin Nilu, ya bar tudun yashi a gefen Shuɗin Nilu.

Daga wannan bambanci haɗarin kowannensu ya fito. Farin Nilu bai cika fizgar mutum a gefensa ba, amma ruwansa mai kwanciya matattarar cuta ne. Shuɗin Nilu yana da yashi mai daɗin takawa, amma yakan ɗauke rai cikin 'yan mintoci. Ɗaya yana cin mutum a hankali, ɗaya yana cin sa nan take.

Tsargiya: cutar ruwa mai kwanciya

Duk wanda ya tashi kusa da Kadawa, Tiga ko Bakolori ya san tsargiya. Ita ce dai ke nan a gaɓar Farin Nilu. A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke haddasa ta a wani asibitin Alƙahira. Yadda take yaɗuwa a fili yake. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko kusa da shi, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan tsutsar su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa su hayayyafa, sa'an nan su fito dubbai suna neman fatar mutum. Ba sai an sha ruwan ba. Tsayawa a ciki zuwa gwiwa, ko wanki, ko alwala, ya isa su huda fata su shiga jini.

Katantanwar nan ba ta son ruwa mai gudu. Tana zama ne inda ruwa ya kwanta, cikin ciyayi da kainuwa da ganyayen da suka ruɓe. Kainuwar da ta mamaye Farin Nilu tun ƙarshen shekarun 1950 ta zame mata gida da abin hawa. Shi ya sa bayan madatsar Jabal Auliya, da lungunan gaɓa, da tafkunan da ambaliya ta bari, da magudanan ban ruwa na gonaki, suka fi kowane wuri haɗari. Sudan ta san wannan da daɗewa. Bayan an buɗe madatsar Sinnar da aikin noman Jazira a 1925, tsargiya ta bi magudanai ta shiga ƙauyuka, har aka kafa wani babban shirin lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 don yaƙar ta tare da zazzaɓin cizon sauro.

Wani abin lura shi ne lokaci. 'Ya'yan tsutsar sun fi fitowa da rana tsaka, daidai sa'ar da zafi ke kora yara cikin ruwa. Alamar farko ƙaiƙayi ne a fata. Bayan makonni sai zazzaɓi, daga baya jini a ƙarshen fitsari ko ciwon ciki da gudawa mai jini. In an bar ta shekaru takan lalata mafitsara da hanta, takan jawo ciwon dajin mafitsara, takan kuma taɓa mahaifar mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne ke bukatar maganin kariya daga cutar, kusan kashi 90 cikin ɗari a Afirka.

Har yanzu akwai inda ake ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro alamar girma. Wannan kuskure ne mai tsada. Ciwo ne, kuma yana da magani mai sauƙi, ƙwayar firazikwantel, wadda ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin mutum. Sai dai maganin ba ya hana sake kamuwa. Yaron da ya sha yau ya koma tafkin gobe ya koma gidan jiya.

Abin da birni ke zubarwa

Haɗari na biyu daga hannun mutane yake. Bututun ƙazanta na Hartum tun asali ɗan yanki ne kawai na birnin ya samu. Sauran unguwanni masai da rijiyoyin ƙazanta suke amfani da su. Tun kafin yaƙi mazauna kudancin birnin ke kuka da ruwan ƙazanta da ke fitowa daga matatar Soba yana ƙarewa a Farin Nilu, sama da Alshajara. A ɓangaren Umdurman kuma akwai ƙoramu irin su Abu Anja da Shambat, waɗanda ke bushe yawancin shekara, jama'a na zuba shara a ciki, sai ruwan sama na farko ya kwashe komai ya kai kogi.

Abin da ya faru a watan Mayu na 2025 ya nuna iyakar wannan haɗari. Jirage marasa matuƙa sun kai hari kan tashoshin wutar lantarki a Umdurman, matatun ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗiban ruwa kai tsaye daga kogi da rijiyoyi. Kwalara ta ɓarke. A ƙarshen watan ma'aikatar lafiya ta Sudan ta ba da sanarwar cewa cikin mako guda mutum sama da 2,700 sun kamu, 172 sun rasu, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na masu cutar a jihar Hartum suke. Wanda ke iyo ba ya rasa kurɓar ruwa, ballantana ƙaramin yaro. A lokacin annoba irin wannan babu gaɓar da za a kira mai aminci, komai kyanta.

Ko babu annoba, ƙa'idar ɗaya ce. Kada a shiga ruwa ƙasa da bakin lambatu ko ƙorama, ko inda ake shayar da dabbobi, ko inda ake wanke motoci da fatu, ko kusa da kasuwar kifi irin ta Maurada inda ake zubar da hanji da ƙaya. In an yi ruwan sama mai ƙarfi a bari kwana biyu zuwa uku su wuce. Mai rauni a jiki ya haƙura har ya warke.

Tuti: farin yashi mai zamewa

In ana maganar wurin shaƙatawa a Hartum, tsibirin Tuti ne ke fara zuwa baki. Yana zaune a tsakiyar birane uku, Hartum da Umdurman da Bahri, Shuɗin Nilu ya rabu biyu ya kewaye shi. Al'ummar Mahas sun zauna a cikinsa ƙarnuka kafin a gina Hartum, kuma daga nan ne Shehu Arbab al-Aƙa'id ya tsallako ya kafa makarantarsa a gaɓar da daga baya ta zama babban birni. Gonakin lemo da mangwaro da kayan lambu na tsibirin sun daɗe suna ciyar da kasuwannin birnin. Da aka gama gadar Tuti a 2008, zuwa ya yi sauƙi. Kafin yaƙi, da rani, in ruwa ya janye, sai yashi ya bayyana, masu shayi su jera kujeru har cikin ruwa, ƙamshin gahawa ya tashi, iyalai su zauna ƙafafu a ruwa har bayan magariba. Haka abin ya kasance a gaɓar Burri ma.

Amma yashin Shuɗin Nilu ba tabbatacce ba ne. Kowace damira kogin na kwashe shi daga nan ya jibge a can, don haka wurin da aka sani bara ba shi ne na bana ba. Mutum na tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya ƙara sai ya ji babu ƙasa. Gefen tudun yashi a tsaye yake, kuma yana zaftarewa in an taka. A ƙasan gada, kusa da ginshiƙai, da inda rassan kogi ke haɗuwa, akwai ruwa mai juyi da mutanen wurin ke kira shaima, wanda ke jan ko gwani zuwa ƙasa. Akwai ramukan da masu ɗiban yashi da masu yin jan bulo suka haƙa, ruwa ya rufe su. Akwai kuma gaɓa mai tsayi da ruwa ya rarake ƙarƙashinta, wadda ke ruftawa da mai tsaye a kai.

Mutanen Tuti su ne suka fi kowa girmama kogin. Sun tsare tsibirinsu a ambaliyar 1946 da ta 1988 da wani tsari nasu na gargajiya mai suna taya: a kafa rumfunan gadi a kewayen tsibirin, a raba aiki, a kwana ana duba hawan ruwa, in ya ɓalle a wani gefe a yi gangami kowa ya fito da buhun ƙasa. A 2020 Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi a ma'aunin Hartum, abin da ba a taɓa rubutawa ba, mutum sama da ɗari suka rasu a faɗin ƙasar, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Waɗanda suka rayu da kogi haka ba sa barin 'ya'yansu su shiga shi da damira. Baƙo ne ke ganin ruwa ya tuɓe riga.

Da damira ne kuma kada ke biyo ruwa ya iso har cikin birni, kuma 'yan sandan kare farar hula sun saba yin gargaɗi a kai kowace shekara. Haka nan Sabaloƙa, mafaɗar ruwa ta shida da ke kimanin kilomita 80 arewa da Hartum, wurin yawon shan iska ne mai kyau ƙwarai, amma ruwan da ke matsewa tsakanin duwatsu na kallo ne da hawan kwale-kwale da rigar kariya, ba na iyo ba.

Lissafin da ya sauya

Akwai sabon abu da ko tsofaffin masunta ke koyonsa yanzu. Habasha ta fara gina babbar madatsarta a kan Shuɗin Nilu a 2011, ta fara tara ruwa a 2020, ta ƙaddamar da ita a watan Satumba na 2025. Yanzu hawa da saukar kogin ba damina kaɗai ke yanke su ba, har da buɗewa da rufe ƙofofin madatsar, tare da na Rusairis da Sinnar. Ruwan rani zai iya fin yadda aka saba, laka ta ragu, tudun yashin da ake jira ya ƙi fitowa ko ya fito a wani wuri. A ƙarshen Satumbar 2025, lokacin da bisa al'ada ruwa ya kamata ya fara ja da baya, hukumomin ban ruwa na Sudan sun yi gargaɗin ambaliya a jihohi da dama har da Hartum. Wanda ya bar birnin a 2023 ya dawo da tsohon lissafi a kansa, ya sani kogin ya sake salo a bayansa.

Abin da yaƙi ya bari

Gaɓar kogi ta kasance fagen daga kusan shekara biyu. Ana harbi daga wannan tsallake zuwa wancan. Gadar Shambat ta karye a watan Nuwamba na 2023, ɓaraguzanta suka faɗa ruwa. Tuti ta sha ƙawanya har yawancin mutanenta suka fice a 2024. Alshajara da kewayenta sun sha ruwan harsasai da bama-bamai saboda barikin da ke cikinta. A 2025 cibiyar kwance nakiyoyi ta ƙasa ta bayyana cewa an gano nakiyoyi da aka binne a yankin Mugran da dajin Sunut, wuraren da a da iyalai ke shimfiɗa tabarma ranar hutu.

Bam ɗin da bai fashe ba yana iya kwana shekaru cikin taɓo, ambaliya kuma na iya ɗauke shi daga inda ya faɗa ta kai wani wuri. Saboda haka ƙa'ida ta farko a yau, tun kafin maganar tsargiya ko zurfi, ita ce hanya. A bi turbar da mutane da dabbobi ke bi kullum. Kada a ratsa daji ko gonar da aka yi watsi da ita don neman wurin da babu cunkoso. A koya wa yara cewa duk wani ƙarfe da ba su sani ba, ba a taɓawa, ba a jifa, ba a kai wa masu sayen gwangwan. A yi wa wurin alama daga nesa a sanar da hukuma.

Yadda ake zaɓe

In aka tattara duk wannan, mai neman wurin iyo yana da tambayoyi kaɗan da zai yi wa kansa, kuma in ɗaya ta faɗi sai ya haƙura.

Na farko, wane lokaci ne? Daga Yuli har ruwa ya janye ya washe, babu iyo a kowane gefe. Lokacin sanyi da farkon bazara sun fi dama. A cikin yini kuma safiya ta fi, domin ido na ganin ƙasa, mutane na nan, tsutsar tsargiya ba ta yi yawa ba. Bayan faɗuwar rana a fito, don wanda ya nutse cikin duhu ba a ganin sa.

Na biyu, wane irin ruwa ne? A nemi ƙasa mai yashi wadda ke gangarawa a hankali, ruwa yana motsi amma ba ya fizga, babu ciyayi, babu ɓawon katantanwa a gefe, babu wari, babu kumfa. A jefa kara a ga yadda ruwa ke tafiya da shi. In ya yi ta juyi a wuri ɗaya ko ya yi tsakiya da sauri, a canza wuri. Babba ya fara shiga da sanda yana gwada ƙasa, ya kafa iyaka, kuma ga wanda bai iya ruwa ba iyakar ita ce ƙugu. Ba a tsunduma da ka a ruwan da ba a ga ƙasansa ba.

Na uku, me ke sama da wurin? Ruwa daga kudu yake zuwa a Farin Nilu, daga kudu maso gabas a Shuɗin Nilu. A taka a duba ko akwai lambatu, mashayar dabbobi ko bututun injin ban ruwa kafin a shimfiɗa tabarma.

Na huɗu, wa ke wurin? Mai tambaya ba ya ɓata. Masunta da masu kwale-kwale da manoman gaɓa sun san ramin bana da juyin bana. A gaishe su a tambaye su, a kuma ji maganarsu ko da ba ta yi daɗi ba. Wurin da babu kowa ba sa'a ba ce, akwai dalilin da ya sa mutanen gari suka bar shi.

Mata na da tasu matsalar. Da yawa kan shiga ruwa da cikakkiyar sutura saboda kunya da addini, kuma mayafi in ya jiƙe yakan yi nauyi ya naɗe ƙafa. Ga kuma al'adar kai amarya da ango, ko mai jego bayan arba'in, su wanke fuska a kogi. Duk wannan a yi shi a gefe, inda ruwa bai wuce idon sawu ba, jariri kuma a hannun wanda ke tsaye a busasshiyar ƙasa.

A gaɓar Alshajara kanta, gaskiya ita ce zama a sha iska ya fi shiga ruwa. In larura ta sa dole a yi wanka da ruwan kogi, a ɗebo a tafasa, ko a sa masa sinadarin kulorin, ko a ajiye shi a rufe kwana biyu, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka a raye in ba su sami mutum ba. Wanda ya riga ya shiga, ya je gwajin fitsari da bayan gida bayan kamar wata biyu, ko da bai ga alama ba.

Iya ruwa fidda kai

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, yara da matasa ne kan gaba, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Irin wannan asara ce ta sa tun a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don faɗakarwa kan nutsewa. A Kano ma, duk shekara hukumar kashe gobara na tsamo gawawwakin yara daga kududdufai.

Nutsewa ba ta da hayaniya. Wanda ruwa ke ci ba ya samun numfashin ihu, sai dai a ga kai na sama na ƙasa. Don haka a ware babba guda wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya, ba hira. In abu ya faru kada a yi tsalle a bi, domin sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. A miƙa sanda ko rawani, a jefa igiya ko jarkar da babu komai a ciki an ɗaure bakinta, a kira mai kwale-kwale. In an fito da mutum ba ya numfashi, a hura masa iska a baki a danna ƙirji, kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki ko juya shi a kife. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

Maganin dindindin shi ne koyo. Sudan ta fitar da gwanayen iyon dogon zango irin su Sultan Kijab, da Sara Jadallah wadda shan inna ya taɓa ƙafarta tana ƙarama amma ta kai ga wakiltar ƙasarta a gasar Kafri zuwa Nafoli a Italiya. Tun 2007 ƙungiyar Nile Swimmers ta fara horar da matasa dabarun ceto tare da 'yan sikawut na ruwa. Malamanmu kuma sun saba ambaton wasiyyar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar kan koya wa yara iyo. Hana yaro zuwa kogi ba tare da koya masa ba, ɓoyewa zai yi ya je.

Mai hali da ke son ruwan da babu tsargiya sam, sai ya nufi Bahar Maliya, domin katantanwar ba ta rayuwa a ruwan gishiri. Gaɓar Arus da ke arewa da Bur Sudan ta yi suna, kuma Sanganeb da Dungunab sun shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2016. Amma wannan tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, ba ta talakan Alshajara ba ce. Shi Nilu ne rabonsa.

Saboda haka nauyin yana kan gwamnatin jihar Hartum. Cikin aikin sake gina birni a ware 'yan wurare a Tuti da Burri da gaɓar Umdurman, a share su daga nakiyoyi, a auna zurfinsu bayan kowace damira, a gwada ruwansu, a kafa tuta da igiyar iyaka, a ajiye masu ceto da kwale-kwale, a kuma keɓe wa mata nasu gefen. A gyara matatar Soba, a maido da rabon maganin tsargiya a makarantun boko da na allo. Limamai da shugabannin Hausawa a unguwanni su riƙa faɗakarwa kafin shigowar zafi, su haɗa matasa da masuntanmu su koya musu ruwa. Kafin hakan ta samu, iyaye su riƙe abu guda: yaron da bai iya iyo ba kada ya je kogi sai da babba, kuma kada babban ya bar shi ya shiga sai ya tambayi mutanen wurin, ya gwada ƙasa da ƙafarsa. Allah Ya tsare mana zuriya, Ya dawo wa Sudan da zaman lafiya.